Shekarar da Na Kai 'Yan Kokawar Zamfara Legas

Ku da kuka shigo ofishin nan bana, ina jin abin da kuke faɗa idan na ba da baya. Wai tallan jirgi ba wani aiki ba ne, a ɗauki hoto mai kyau, a rubuta kalma biyu a ƙasansa, a watsa a waya, sai fasinja ya yi ta zuwa. Ban yi fushi ba. Amma tunda yau kasuwa ta yi sanyi, ku jawo kujeru ku zauna, ku ji yadda ake yin sa.

Sunana Lubabatu, amma duk Sabon Garin Gusau Hajiya Luba mai jirgi ake ce mini, alhali ko tayar jirgi ban mallaka ba. Ni wakiliyar kamfanin jiragen sama ce. Ina sayar da tikiti, ina tallata tafiya, kuma duk wani taro da kamfanin zai ɗauki nauyinsa a yankin nan, ta hannuna yake bi. A wurin marigayi Alhaji Sambo na koya, wanda ya buɗe ofishin nan tun tikiti yana ɗan littafi mai jan kabon, ana rubuta shi da biro.

Aikin farko da ya ba ni, ya ɗora mini takardun talla ya ce in tafi kasuwar Tsafe. Na raba su tas kafin azahar, na dawo ina taƙama. Ya ce, "Da wa kika yi magana?" Na ce ai na ba kowa takarda. Da kasuwa ta zagayo ya sa ni a mota muka koma tare, ya tsaya wurin mai ƙosai ya saya, aka naɗe masa a cikin hoton jirginmu. Ya miƙo mini ya ce in ci. Daga nan ya ja ni rumfar masu hatsi, muka zauna a kan buhu har la'asar. Bai ambaci jirgi ba ko sau ɗaya. Hira kawai yake yi, amma kafin mu tashi ya san wanda ɗansa ke karatu a Legas, da wanda ke niyyar Umra, da wanda ke kai mahaifiyarsa asibiti a Abuja yana shan wahalar mota. A hanya ya ce, "Ɗiyata, mu nan abin da ba a gani muke sayarwa. Mutum sai ya yi tafiyar mota zuwa Sakkwato ko Kano kafin ya ga jirgin. In bai yarda da ke ba, ba za ya tashi ba."

Maganar ɗaukar nauyin taro daga baya ta zo. Kamfani ya ce yana so a kowane yanki a sami wani abin kallo da zai sa masa hannu, don mutane su riƙa hawa jirgi su zo yawon buɗe ido. Wasu wakilai suka zaɓi ƙwallo, wasu baje koli. Alhaji Sambo ya ce mu kokawar kaka za mu kama, wadda ake yi a Karakkai ta ƙasar Bungudu idan an gama girbi. Ya ce in je in shawo kan sarkin kokawarsu, Baba Ɗanjuma.

Baba Ɗanjuma dattijo ne gajere mai faɗin ƙirji, wanda a ƙuruciyarsa aka ce bayansa bai taɓa ƙasa ba. Na same shi yana gyaran rumbu. Na gaishe shi, na yi bayani, ya saurare ni har na gama. Sai ya ce, "To mi jirginku za ya yi muna? Mu ƙasa muka sani." Na koma, na sake komawa, har matansa suka saba da ni suka riƙa aje mini fura. Ranar da ya yarda, ya gindaya sharuɗɗansa: ba za a kafa komai a cikin fage ba, ba za a sa wa ɗan kokawa riga mai tambari ba, da an kira salla a tsaya, kuma baƙo ba zai ɗauki hoton matan gari ba sai ya nemi izini. Kamfani kuwa har ya riga ya ɗinko riguna. Ni na kira su na ce ba za a sa ba. Suka ce to ina tallan? Na ce ku bar rigunan a kan makaɗa da masu raba ruwa, ku bar 'yan kokawa da warkinsu, don warkin baƙo zai biya kuɗin jirgi ya zo gani, ba rigarku ba. A wannan sana'a rabin aikin shi ne ka iya ce wa mai biyanka a'a.

Kayan aikin kuwa ba su da kyan gani. Kanofi da kujerun roba, janareto da wani na ko-ta-kwana, lasifika, igiya, tankin ruwa, da ƙyallen talla mai tsawo. Ƙyallen nan idan ba ka huda shi ƙanana-ƙanana ba, iska za ta cika shi ta tumɓuke sandunan, na ga ya faɗa kan mai rake. Lasifika ba a fuskantar da ita ga makaɗa, sai ta yi ta kuka. Rumfar baƙi a yamma ake kafa ta, don rana ta kasance a bayansu idan wasa ya yi zafi. Makewayi kuma tun kafin komai ake tanadarsa, da na maza da na mata, domin baƙon da ya rasa wurin zagayawa ba zai tuna wanda ya yi kaye ba, wannan kaɗai zai je yana ba da labari.

Shekaru masu kyau sun zo. Mukan tarbi baƙi a filin jirgin Sakkwato, mu ɗauko su a bas zuwa Gusau, su kwana, da safe mu kai su su hau Dutsen Kwatarkwashi, su ci hoce su sha nono, da yamma a wuce fagen kokawa. Akwai 'yan Legas, akwai ma'aikatan Abuja da iyalansu, akwai ɗalibai, akwai Turawa jefi-jefi. Masu otal sun samu, direbobi sun samu, dukawa sun sayar da jakunkuna da takalma. Kamfani ya ba mu shafi guda a mujallar da ake sa wa a aljihun kujerar jirgi, da hoton dutse da sunan Zamfara da manyan baƙaƙe.

Sai abubuwa suka lalace. Ba sai na ba ku labari ba, a nan kuka girma. Aka fara da kore shanu, aka koma ɗaukar mutane, hanyar Tsafe ta zama sai da addu'a. Alhaji Sambo ya rasu a tsakiyar wannan, ofis ya dawo hannuna. Tun kafin kowa ya ce mini komai na daina kawo baƙi. Wani abokin sana'a ya ce in ci gaba da talla, in riƙa cewa lafiya lau, ai ba kullum ake tare hanya ba. Na ce ni ba zan sa ɗan wani a bas in kai shi inda ba zan kai nawa ba. Kokawar ma ta tsaya, don mutanen Karakkai da yawa sun taso sun dawo cikin Bungudu.

Shekarar da ta fi kowace muni ita ce wadda aka kashe layukan waya aka rufe kasuwannin ƙauye. Ku yi tunanin mai sayar da tikiti babu sabis. Sai in tara buƙatun mutane, in shiga mota zuwa Sakkwato, in zauna a harabar wani otal in yanka tikitin, in dawo. A irin wannan zuwan ne na samu Malam Kabiru a waya, manajan talla na hedikwatarmu a Legas. Mutumin kirki ne, kuma ba shi da laifi a abin da ya faɗa. Ya ce, "Hajiya, an yanke shawara. Za a janye daga kokawar, za a cire shafinku daga mujalla. Ofishin Gusau ma ana duba shi."

Na ce, "Janye baƙi daidai ne, ni na fara. Amma cire suna fa?"

Ya ce, "Sunan ne matsalar. Fasinja ya buɗe mujalla ya ga Zamfara, abin da ya ji a labarai zai tuna."

Na ce, "To ku ba ni kujeru a jirgi. Tunda baƙo ba zai iya zuwa ba, ni zan kawo muku kokawar Legas."

Ya ce zai tuntuɓi manya. Da na sake zuwa Sakkwato ya ce an yarda, za a ba da kujeru da wurin kwana, amma a fosta za a rubuta kokawar Arewa, ba za a ambaci jiha ba. Na ce, "Malam Kabiru, fosta taku ce, ku rubuta abin da kuka ga dama. Amma ina gaya maka tun yanzu, bakina nawa ne. Duk wanda ya tambaye ni daga ina, zan faɗa." Ya yi dariya ya ce in dai zo.

Tara 'yan kokawa babu waya shi ne aikin da ya fi ba ni wuya a rayuwata. An dawo da sabis a cikin Gusau a lokacin, amma ƙauyuka shiru. Da baki aka yi komai. Na je Bungudu ranar Juma'a, na sa direbana ya tsaya a ƙofar masallaci yana cigiya, har aka nuna mana gidan da Baba Ɗanjuma ya sauka da iyalinsa, ɗaki biyu a bayan gidan wani ɗan'uwansa. Ya rame, amma muryar tana nan. Da na gaya masa sai ya ce, "Hajiya, ni tunda nike ba a taɓa raba ƙafata da ƙasa ba. Yanzu da tsufana za ki sa a ɗaga ni?"

Na ce, "Baba, an ce mun ƙare. An ce babu kowa a nan sai masu bindiga da masu gudu."

Ya dube ni ya ce, "Wa ya ce?"

Na ce, "Duk wanda bai zo ba."

Ya aika aka kira masa yaransa. Shi ya ce lallai a nemo Garkuwa, wani ɗan kokawa daga 'Yankuzo ta ƙasar Tsafe, wanda ya daɗe yana ba 'yan Karakkai wahala. Ya ce in za a nuna wa duniya, to a nuna mata na gaske. Muka samo Garkuwa a tashar Tsafe yana dako, don gonarsa ta gagara zuwa.

Sai matsalar suna. Kowane ɗan kokawa da laƙabinsa aka san shi, amma jirgi ba ya ɗaukar laƙabi. Sunan da ke tikiti sai ya zama shi ne a katin shaida, harafi da harafi. Garkuwa a katin zaɓensa Sani Abubakar ne, kuma muna da wani Sani Abubakar ɗin a cikin makaɗa. Wani katinsa ya ƙone tare da ɗakinsa, sai da muka je kotu aka yi masa takardar rantsuwa. Na zaunar da su na gaya musu komai tun a Gusau: layu da guraye a cire a sa a jakar da za a auna, don na'urar bincike za ta yi ƙara, wuƙa ko ta yankan farce ce a bar ta gida. Ganguna muka sassauta musu tsarkiya muka naɗe da barguna, saboda sanyin cikin jirgi da jifan masu lodi. Muka bar Gusau da hantsi, lokacin da hanya ke da motoci, muka kwana a Sakkwato. Da jirgi ya ɗaga, Baba Ɗanjuma ya riƙe hannun kujera yana salati, da ya daidaita kuma ya leƙa taga ya ce, "Ashe gonakin na nan."

A Legas filin wata makaranta aka ba mu a Agege, ƙasarsa tsakuwa ce zalla. Na sa aka kawo tifar yashi, 'yan kokawar da kansu suka baje shi suka tsince duwatsu. Fosta tana manne ko'ina, kokawar Arewa. Ban taɓa ta ba. Na ɗaura gyalena na shiga kasuwannin da mutanenmu suke, wurin masu albasa da masu shanu da masu canji, na zauna kamar yadda aka koya mini, na ce 'yan Bungudu da 'yan Tsafe sun zo, suna nan da ƙafafunsu.

Ranar wasa filin ya cika tun kafin azahar, har kan katanga. Mai gabatarwa da kamfani ya ɗauko ya fara kiran 'yan wasa, kowa ya ce daga Arewa. Da ya zo gabatar da ni ya ba ni makirfo in yi gaisuwa, na yi gaisuwar, sannan na ce zan sake gabatar da baƙina yadda iyayensu suka san su. Na kira kowa da laƙabinsa da garinsu. Wane daga Karakkai, ƙasar Bungudu, Jihar Zamfara. Wane daga cikin garin Bungudu. Ina kallon Malam Kabiru a rumfar manyan baƙi ya dafe goshi. Da na ce, "Garkuwa, daga 'Yankuzo, ƙasar Tsafe," sai na ga wani mutum ya keto taro, ya tsallake igiya ya shigo fage. Masu gadi suka riƙe shi. Yana ta cewa, "Ku bar ni, tambaya ɗaya za ni yi."

Na ce a sake shi. Magidanci ne, rigarsa duk ƙurar albasa. Ya tsaya gaban Garkuwa ya ce, "Sunana Haruna, ɗan gidan maƙera. Tunda aka kashe waya ban ji ɗuriyar uwata ba, kuma an ce an shiga garinmu. Kulu sunanta. Ka san ta?"

Garkuwa ya ce, "Inna Kulu ta gidan maƙera? Tana nan da ranta. Tana Tsafe gidan ƙanenta. Ni na ɗaukar mata kayanta daga tasha."

Haruna ya durƙusa a kan yashin nan ya rufe fuska da hularsa. Makirfo yana hannuna a buɗe, duk filin ya ji. Kafin in ankara mutane sun taso ta ko'ina. Wannan yana tambayar ƙauyensu, wancan yana tambayar matarsa da 'ya'yansa. Mai gabatarwa ya ce in sa a koma a zauna, lokaci yana tafiya. Na ce kokawa ta jira. Na sa aka jera kujeru a ƙarƙashin kanofi, 'yan Bungudu a gefe, 'yan Tsafe a gefe, 'yan kokawa da makaɗa suka zauna da warkinsu suna amsa tambaya. Wanda suka sani su faɗa, wanda ba su sani ba su ce ba su sani ba. Ba duka labarin ne mai daɗi ba. Wani saurayi ya tambayi wansa, sai Baba Ɗanjuma ya miƙe, ya kama hannunsa ya kai shi bayan aji, suka daɗe. Da suka fito dattawan wurin suka kewaye yaron aka yi addu'a.

Malam Kabiru ya sauko ya tsaya kusa da ni. Ya ce, "Hajiya, kin san haka za ta faru?" Na ce wallahi ban sani ba, ni dai suna na faɗa. Ya tsaya yana kallo, daga baya na ga ya sa ma'aikatansa suna raba wa masu jira ruwa.

Sai bayan la'asar aka buga ganga. Garkuwa ya kayar da mutum biyu, amma na uku, wani ɗan Karakkai mai suna Dogo, ya ɗauki Garkuwa ya nana da ƙasa, filin ya ɗauki sowa kamar a gida. Ana tashi aka yi mini caa a teburina, kowa yana tambayar yadda zai je gida. Na gaya musu gaskiya: jirgi zai kai ku Sakkwato, bas ɗinmu zai kai ku Gusau da rana, daga nan ban yi wa kowa alkawarin hanya ba, ku tambayi mutanen gari kafin ku wuce. Wasu suka fasa, wasu suka yanka. Haruna a jirginmu ya dawo, yana zaune kusa da Garkuwa.

Ba a rufe ofis ba. Shafin mujalla ya dawo, da hoton 'yan kokawa zaune ana yi musu tambaya, da sunan jiha a ƙasa. Ba na ce muku komai ya gyaru ba. Har yau kokawar ba ta koma Karakkai ba, a cikin Gusau muke yin ta da rana tsaka, baƙin kuma yawancinsu 'yan gida ne da ke zaune a kudu, suna zuwa da abokansu. Har yau ban sake buga tallan hawan dutse ba, kuma ba zan buga ba sai ranar da zan iya kai jikokina. Amma duk wanda ya ce in sauya wa wurin nan suna don a sayar da kujera, ya nemi wata wakiliyar.

Bayan mun dawo da 'yan makonni, ina zaune a nan sai ga Haruna ya shigo da wata tsohuwa 'yar ƙarama tana dogara sanda. Inna Kulu ce. Ta ƙi zama a kujera, ta zauna a tabarmar sallata. Ta kwance bakin zanenta ta fito da ƙullin daddawa, ta ce in kai wa direban jirgin da ya kawo mata ɗanta. Na ce zan kai. Ta ce, "Kuma ki ba shi saƙo ya kai ma manyanshi. Haruna ya ce can ana hwaɗin babu sauran mutane garuruwanmu. Ki ce musu muna nan. Mun gaji, amma muna nan."

Daddawar na kai ta Sakkwato da hannuna na ba matuƙin. Saƙon kuma ban ba kowa ba. Na riƙe shi har taron wakilai na ƙarshen shekara, da aka zo kaina in ba da rahoton yankina, na miƙe a gaban shugabannin kamfani na faɗe shi yadda ta faɗa, da Hausa, na ce Malam Kabiru ya fassara musu.